Muhawara kan lambun ƙasar ƙanƙara da sharar gonakinmu na Katsina da Daura

'Yar Daura a Kanada:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tun jiya da na sa hoton ƙananan kofunan da na jera a bakin taga, mutane da dama suka yi ta tambayata dalilin da ya sa nake rainon tumatir a cikin ɗaki alhali ga fili a bayan gida. Na ga gara in amsa a nan gaba ɗaya, domin akwai wata tambaya da ni ma nake so manoman cikinmu su amsa mini.

Garin da nake zaune shi ne Winifeg, a lardin Manitoba na ƙasar Kanada. A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, ƙasa kuma takan daskare ta yi tauri kamar dutse har zurfin da ya wuce mita ɗaya. Dusar ƙanƙara takan lulluɓe lambu tun daga Nuwamba, ba ta gama narkewa sai ƙarshen Maris ko cikin Afrilu. Ko ta narke ba a fara aiki nan take, saboda ƙasar garin baƙar laka ce mai nauyi, wanda ya yi gaggawar sa mata fartanya tana jiƙe zai mayar da ita curi-curi kamar tubali, kuma haka zai yi ta fama da ita har shekara ta ƙare. Abin da ake yi shi ne a damƙi ƙasar a dunƙule ta a hannu, idan ta marmashe to ta yi, idan kuwa ta manne kamar yumɓun maginin tukwane sai a ƙara haƙuri.

Babban abin tsoro shi ne daren da raɓa za ta daskare a kan ganye. A nan irin wannan dare yana iya zuwa har ƙarshen Mayu, sannan ya dawo a Satumba, ke nan kwanakin da mai lambu yake da tabbas a kansu ba su wuce kamar wata huɗu ba. Shi ya sa ake shuka tumatir a ɗaki mako shida zuwa takwas kafin ranar dashe, tattasai da attaruhu ma a riga shi da mako biyu. A shekarata ta biyu a nan rana ta yi kwana biyar tana fitowa da ɗumi a tsakiyar Mayu, sai na kwashe dukan abin da na raina na dasa a waje. Da asuba ta shida na fito na tarar da ganyen ya yi baƙi ya langaɓe kamar an watsa masa tafasasshen ruwa, ko guda bai tsira ba. Ranar na yi kuka, domin wata biyu na yi ina juya kofunan nan zuwa wajen haske kowace safiya.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta daɗe tana lambu, ita ta koya mini cewa kafin dashe sai an yi kamar kwana goma ana fitar da shukar waje, yau awa ɗaya a inuwa, gobe awa biyu, har ta saba da iska da rana. Ita ce kuma ta hana ni share busasshen ganye da karan bara da zarar ƙanƙara ta narke. Ta ce in bari sai ɗumin rana ya zauna a wajen digiri 10, domin akwai ƙudajen zuma na daji da sauran ƙwari masu amfani da suke kwana cikin ganyen da cikin ɓargon kara tsawon sanyi, wanda ya share da wuri ya kwashe su ke nan. Bayan haka ma ba ƙonawa take yi ba, tarawa take yi ya ruɓe ya koma taki. Tambayata ita ce: me ya sa mu a gida, idan damina ta gabato, muke tattara duk abin da ke gona mu cinna masa wuta, mu bar ƙasa tsirara a gaban iska?

Baba Mai Lambun Ajiwa:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka. Na sa jikana ya karanta mini rubutunki har sau biyu. Abin da ya same ki da tumatir ba baƙo ba ne a wurinmu, fuskarsa ce kawai ta bambanta. Ku sanyi kuke jira ya wuce, mu ruwa muke jira ya zauna. Sau nawa aka yi ruwa mai ƙarfi a watan biyar, mutane suka fita da sungumi suka shuka gero, ya tsiro ya yi kyau, sannan sama ta ɗauke mako uku, zafin yashi ya ƙone shi, aka koma neman iri a kasuwa da tsada? Ɗumin da ya ruɗe ki ƙanen ruwan farko ne.

Amma ina so in gyara wani abu da na ji yara suna faɗa a ƙarƙashin hotonki, wai kina aikin lambun bazara. Bazara a wurinmu ita ce lokacin da zafi ya kai maƙura, daga watan uku zuwa na biyar, lokacin da furen tumatir yake zubewa ba ya ɗaura 'ya'ya, rijiyoyi su ja baya. Lokacin da yake mana daɗin lambu shi ne hunturu, shi ya sa muke rainon iri da kaka mu dasa idan sanyi ya fara busawa. Latas da karas da kabeji da albasa duk 'ya'yan sanyi ne a nan Ajiwa. Kada a kira lokacinku da sunan namu, mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ne.

Maganar wuta kuwa zan bar masu ilimi su fara, amma ki sani ba don ƙiyayya da ƙasa muke yi ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Yaya, ina girmama ki, amma wannan tambaya ta wanda ya ƙoshi ce. A inda kike, kara shara ne da ake neman yadda za a rabu da shi. A nan kara dukiya ce. Da shi ake danni da zana da rumfa, da shi mata suke hura wuta tun da iskar gas ta gagari talaka, shi shanu da tumaki suke ci daga watan ɗaya har ciyawa ta fito. Wanda ya bar kara a gonarsa bayan girbi, kafin wata guda ko dabbobi sun cinye ko wani ya ɗaure ya kai kasuwa. Abin da ake ƙonawa kafin damina ai ba wani abin kirki ba ne, tushiya ce da ƙaya da ƙaiƙayin ƙarangiya da guntayen leda.

Sannan ku can ba ku da kububuwa da kunama a ƙarƙashin tarin ganye. Mahaifiya a nan ba za ta bar shara ta taru a bayan ɗaki saboda ƙudan zuma alhali tana da yara masu rarrafe ba. Ba na son mu riƙa ɗauko tsarin ƙasar da gwamnati take kwashe shara a ƙofar gida kowane mako, mu auna manomin da yake tunanin abin da zai sa a tukunya yau da dare.

Malamin Gona Mai Ritaya, Daura:
Ɗana na Ƙofar Marusa, rabin maganarka gaskiya ce, kuma zan ƙara maka hujjar da ba ka kawo ba. Tsutsar da take huda karan gero da dawa tana yin rani ne a cikin busasshen kara, tana kwance har ruwa ya sauka ta zama malam-buɗe-littafin dare ta yi ƙwai a sabuwar shuka. Saboda haka kakanninmu da suke kawar da kara daga gona ba jahilci suka yi ba, kuma dannin kara da ke kewaye da gida kusa da gona yana iya zama mafakar wannan tsutsa. Abin da dattijuwar Kanada take tsoron kashewa aboki ne, abin da ke cikin namu karan wani lokaci abokin gaba ne.

Amma sauran rabin fa? Na yi shekaru ina yawo a gonakin Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iskar da ke zuwa gaban hadarin farko. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar da aka share tas a wannan lokaci ya san yadda sama take yin ja, yashi yana dukan ƙwauri kamar ana watsa tsakuwa. Wannan jan da kake gani a sama shi ne lallausan ƙasar saman gona, inda ɗan abincin shuka yake. Idan gero ya riga ya tsiro, yashin yakan yanke shi ko ya binne shi. Karan da aka sare aka kwantar a ƙasa yana karya ƙarfin wannan iska, har za ka ga yashi ya taru a gefensa, kuma kwanciyar a kan ƙasa mai zafin rana tana kashe da yawa daga tsutsar da na ambata, saɓanin karan da aka bari a tsaye ko aka jingine a inuwa.

Wuta kuma tana da asarar da ido ba ya gani. Idan ka ƙona shara, toka tana barin maka wasu sinadarai kamar fotash, shi ya sa gurbin da aka ƙona yakan yi kyau a shekarar, amma sinadarin naitirojin, wanda shi kake saye da tsada a buhun yuriya, yana tafiya ne cikin hayaƙi. Abin da zai ruɓe ya sa yashi ya riƙe ruwa shi ma ya tafi. Gara da muke tsana tana da aiki a nan: ita take jan busasshen haki zuwa cikin ƙasa, ramukan da take haƙawa kuma su ne hanyar da ruwa yake bi ya shiga faƙo maimakon ya gudu. Manoman yankin Tawa a Nijar da suke haƙa tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba taki a ciki tun rani, da gara suke aiki, haka ma marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso da ya mayar da faƙo daji da irin wannan dabara.

Ba cewa nake a bar dukan kara ba, na san ba zai yiwu ba. Cewa nake abin da ya rage bayan dabba ta ci, mace ta ɗiba, magini ya ɗauka, wannan ragowar ba ta cancanci ashana ba.

'Yar Daura a Kanada:
Baba na Ajiwa, na karɓi gyara, ba zan ƙara cewa bazara ba, zan ce lokacin narkewar ƙanƙara. Ƙanena na Ƙofar Marusa, maganar maciji da yara gaskiya ce, kuma na tuna yadda mahaifiyata take sa mu share bayan ɗaki tas saboda haka. Ban yi nufin a tara shara a tsakar gida ba, gona nake nufi. Kuma don kada a ɗauka ina yabon nan ne ina kushe gida, bari in faɗi ɓarnar da masu lambun nan suke yi, wadda ni ma hannuna yana ciki.

Ƙasar da nake rainon iri a cikinta ba ƙasa ba ce, wata ruɓaɓɓiyar gansakuka ce da ake haƙowa daga fadamun arewa masu sanyi a sayar a buhu, kuma Kanada tana cikin manyan masu fitar da ita a duniya. Tana da sauƙi, tana riƙe ruwa, ba ta da cuta, shi ya sa kowa yake so. Amma kaurinta yana ƙaruwa ne da kamar milimita ɗaya a shekara, ke nan abin da injin yake kwashewa ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana taruwa. Irin waɗannan fadamu ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da suka adana ya fi na dukan dazuzzukan duniya, kuma idan aka tsotse ruwansu aka haƙe su sai ya fita ya shiga iska ya ƙara ɗumamar yanayin da ku kuke ɗanɗana a Daura fiye da mu. Da na fahimci haka na fara rage ta ina haɗawa da takin da nake yi da ɓawon kayan miya da ganye.

Na biyu, akwai babban tafki a arewacin garin nan, tafkin Winifeg, wanda a lokacin zafi wani sashe nasa yakan rufe da koriyar gansakuka mai yauƙi, har a gargaɗi mutane game da wanka a wasu gaɓoɓi. Babban dalili shi ne sinadarin fosfaras da ke gangarowa daga gonaki da magudanan birane, kuma narkewar ƙanƙara ce take kwasar da yawa daga ciki, domin ruwa yana gudu a kan ƙasar da ba ta gama sakewa ba, ba ya shiga ciki. Wanda ya watsa takin zamani da wuri don ciyawar ƙofar gidansa ta yi kore, ciyawar da ba dabbar da za ta ci, ya aika da rabonsa zuwa tafkin nan. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna da madatsun ruwan Sabke da Daberam na can gida, in tambayi kaina ina ragowar takin da ake zubawa a bakinsu take tafiya.

Hajiya Mai Kiwo, Katsina:
Salamu alaikum. Ina bin maganar nan tun safe, kuma na ga ɗana na Ƙofar Marusa ya ambaci leda ya wuce, alhali ita ce ta fi damuna. Malam, ku da kuka san gona, kun san takin da ake kwasa daga bololin cikin gari ana kai wa gonakin bayan gari. A da toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida, manomi har godiya yake yi. Yanzu idan aka juye mota guda, baƙar leda da ledar ruwa sun kusa rinjayar takin, ga batir da fasassun kwalabe. Bara na je gonar ƙanena bayan huɗa, sai na ga leda tana leƙowa daga kowace kunya kamar ita aka shuka.

Tunkiyata da na fi so ta yi wata biyu tana ramewa, tana ci ba ya kama jikinta, ciki ya kumbura ya yi tauri. Da aka yanka ta, mahauci ya ciro wani dunƙule daga tumbinta, leda ce da igiyar buhu sun murɗe sun cure, ya ɗaga mini da hannu biyu. Tun ranar na ajiye bokiti biyu a madafa, ɗaya na ɓawon albasa da dankali da ganyen da aka tsince, ɗaya na leda. Na farkon nake zubawa a rami a gefen turke tare da kashin dabbobi, ina yayyafa masa ruwan wanke shinkafa, in rufe da tsohon buhu. Bayan wata uku yakan yi baƙi ya yi sanyi, ba wari, da shi nake cika buhunan da nake shuka alayyahu da yakuwa da attaruhu a jikin katanga. Wannan bai ci mini ko kwabo ba, kuma ba daga Turai na koyo ba. Saboda haka ban yarda da cewa kula da ƙasa aikin ƙosassu ba ne, ɗana. Talaka ne tunkiyarsa take kiwo a bola.

'Yata ta Kanada, ku da ruwa ya yi muku yawa, kuna tara na sama kuwa?

'Yar Daura a Kanada:
Muna tarawa, Hajiya. Gidaje da yawa suna da duro a ƙarƙashin indararo, ana sa shi idan sanyi ya wuce, a juye shi a kife kafin ƙanƙara ta dawo don kada ruwan ya daskare ya fasa shi. Lissafinsa mai sauƙi ne: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwa milimita 20, ya zubar da lita 1,000, wato jarka 40 mai cin lita 25. Sai dai a rufe bakin duron da raga, musamman a gida, saboda sauro.

Baba Mai Lambun Ajiwa:
Tun da Malam ya yi magana, bari in faɗi nawa. Maganar ƙwari masu amfani da 'yata ta kawo, na ga matasa sun ɗauke ta wasa, ni kuwa ban ɗauke ta haka ba. Duk wanda yake fitar da irin albasa ya san idan ta yi fure fari fat, ƙuda da zuma suke sauka a kai daga hantsi zuwa azahar, kuma idan ba su sauka ba kan zai bushe ba iri a ciki sai ƙaiƙayi. Haka kankana, haka kabewa, furen namiji daban na mace daban, ba mai haɗa su sai ƙwaro.

A 2016, shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye tumatir a Katsina da Kano da Kaduna, tsoro ya sa muka riƙa feshi ba lissafi. Ni da kaina na haɗa magani kala uku a tanki ɗaya, ina fesawa bayan kwana biyu da rana tsaka. Tsutsar tana cikin ganye tsakanin fata da fata, maganin bai kai gare ta yadda nake so ba, tumatir ya tafi. Abin da ya biyo baya shi ne fangalin irin albasata da ke gefe ya yi shiru, ba ka jin wannan gunjin na zuma, kuma irin da na samu bai cika tafin hannu biyu ba a inda na saba cika kwano. Tun daga nan ba na feshi idan abu yana fure sai dole, in dole ta kama kuma sai da yamma liƙis bayan sun koma. Ga ƙananan ƙwari irin su darɓa, jiƙaƙƙen 'ya'yan bedi da aka daka yana mini aiki idan na fara da wuri.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu musulmin da zai dasa itace ko ya shuka shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zame masa sadaka. Ni a fahimtata wanda yake neman wannan lada ba zai so ya mayar da lambunsa wurin da duk mai rai ya sauka sai ya mutu ba.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan na karɓa, domin na gani a kankanar yayana. Hajiya, ki gafarce ni, maganar leda ma ba ni da ja. Amma har yanzu ina nan a kan cewa muna magana ne a kan ƙananan abubuwa muna barin babba. Kowace rana motocin itace da gawayi suna shigowa Katsina. Idan an bar guntun kara a gona amma an sare bishiyar da ke tare iskar tun daga nesa, me aka yi? Kuma kowace shekara ana bikin dashen itatuwa, a ɗauki hoto, bayan wata uku ka koma ka tarar awaki sun cinye ko ƙishirwa ta kashe. Katsina tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007, amma manomi ɗaya da fartanyarsa me zai iya a kan hamada?

Malamin Gona Mai Ritaya, Daura:
Ɗana, amsar tambayarka tana ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga inda kake zaune. A farkon shekarun 1980 gonakin jihar Maraɗi sun yi fayau, dashen da ake yi yana mutuwa kamar yadda ka faɗa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma, maimakon su sare duka su ƙona, su zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kare su. Tohon da yake da tsohuwar saiwa ba ya buƙatar ban ruwa, kuma yana girma da saurin da dashe ba ya yi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, sun sake samun itatuwa kusan miliyan 200. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, kuma da wuƙa da gatari suka yi.

Ka ga ke nan maganar ta dawo kan sharar gona da 'yarmu ta fara da ita. Ranar sassabe ce ake yanke hukuncin ko gona za ta yi itace ko ba za ta yi ba. Sabara da kalgo da ka gani a gonarka, da ɗan gawon da bai kai gwiwa ba, su ne dashen da ba ka saya ba. Gawo kuwa ba ya buƙatar a yi masa kamfe a Daura: yana zubar da ganye da damina lokacin da gero yake son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba take neman inuwa, 'ya'yansa abincin awaki ne, kuma kowa ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Rassan da ake datsewa kowace shekara su ne itacen girkin da zai rage wa uwargida dogaro da kara. Abin da yake hana mutane, kuma na ji shi daga bakin manoma da yawa, shi ne tsoron cewa idan itacen ya girma wani zai zo da dare ya sare, ko a ce musu ba su da ikon taɓa abin da suka raina. Wannan magana ce ta masu unguwanni da dagatai da jami'an daji, kuma a Nijar ma sai da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne sannan abin ya yaɗu.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Malam, gonar gadonmu tana hanyar Kaita, kuma akwai sabara da yawa a kusurwar gabas da muke sarewa duk shekara. Ba ni kaɗai nake da ita ba, sai na shawo kan yayyena biyu, kuma na san babban zai ce inuwa za ta jawo tsuntsaye su ci gero. Idan kun yarda zan kira ku ku yi masa bayani da kanku kafin a shiga sassabe.

Malamin Gona Mai Ritaya, Daura:
Ka kira ni bayan la'asar kowace rana. Ka gaya masa a fara da kusurwar kawai, kututture goma, a ɗaura musu jan ƙyalle don 'yan ƙwadago su gane ba na sara ba ne.

'Yar Daura a Kanada:
Malam, kafin a tashi ina da tambaya ta kaina. Alayyahu yana yi mini kyau ƙwarai a nan, kuɓewa tana ɗan yi idan shekarar ta yi zafi, amma yakuwa shekara uku ke nan tana yin tsawo har ƙirjina, ganye shar, ba ta taɓa yin fure ba balle in samu zoɓo ko iri, har sanyin Satumba ya kashe ta. Taki ne ya yi mata yawa?

Malamin Gona Mai Ritaya, Daura:
Ba taki ba ne, 'yata, tsawon yini ne. Yakuwa tana cikin shukokin da ba sa fure sai dare ya fara tsawo, shi ya sa a nan take ɗaura zoɓo da kaka. A wurinku yinin watan Yuni yana kai awa 16, kuma kafin ya gajarta zuwa yadda take so sanyi ya riga ya iso. Ki ci ganyenta ki busar da saura. Idan kina son gwaji, ki sa guda biyu a tukunya, daga ƙarshen Yuli ki riƙa kifa musu kwali da yamma ki buɗe da safe, yadda za su samu duhu na awa 13 kowace rana, sannan ki shigar da su ɗaki kafin daren farko na daskarewa.

Baba Mai Lambun Ajiwa:
Ina da irin yakuwa ja mai saurin yi, na wajen mahaifina, zan ba wa duk mai zuwa wajenki.

'Yar Daura a Kanada:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai a dakata tukuna in bincika ƙa'idar shigo da iri, domin a nan dole ne matafiyi ya bayyana duk wani iri ko tsiro a filin jirgi, ƙasa kuwa ko ta jikin saiwa ce ba a yarda a shigo da ita ba. A ajiye mini shi a kwalba mai murfi tare da ɗan toka. Yau da dare an ce sanyi zai sauka zuwa digiri 2, bari in je in shigo da kofunan da na fitar shan iska.